Ranar da Arancina Ta Tona Mini Asiri a Falermo

Tunda maigidana Baban Ummi ya riga ya baza labarin a majalisarsu ta kasuwar Ballaro da ke nan Falermo, a tsibirin Sisili na Italiya, har an fara kirana daga Kumasi ana tambaya wai da gaske na ƙona gidan Turawa, gara ku ji daga bakina. Ban ƙona gidan kowa ba. Labule ne kawai, shi ma man suyar arancina ne, wato dunƙulen shinkafa mai miya a ciki da suke soyawa, ya fantsama masa.

Kun dai san Kaka, tsohuwar saman benenmu mai zuro kwando da igiya ta taga idan tana son a sayo mata abu. Ita ta gayyace mu ranar 13 ga Disamba, ranar da suke kira ta Santa Luciya, wata waliyyiyarsu ta Kiristoci. Ni dai abinci aka ce mini, abinci kuma ya kai ni. Da ƙafarta ta je mahautar halal ta sayo naman sa, ta yi mana miya a tukunya daban, ba alade ba giya. Mutum ya yi maka wannan karamci, ai ba ka je masa hannu rabbana ba. Na fita neman burodi, na tarar gidajen burodin unguwa duk a rufe. Babu wanda ya ce mini "baiwar Allah, akwai dalili". Na yi ta yawo har na samu a shagon wani ɗan Bangaladash, ya karɓi kuɗina yana wani murmushi da sai daga baya na gane ma'anarsa.

Ina shiga falo hira ta ɗauke ɗif. 'Ya'ya, surukai, jikoki, har da maƙwabciyar nan da ba a taɓa gayyata amma ba ta taɓa fashi ba, duk suka zuba wa burodin ido. Kaka ta dafe ƙirji ta ce, "Bedda Matri!" Duk wanda ya zauna a Sisili ya san idan tsohuwa ta furta haka, to an yi ɓarna.

Jikarta ce ta ja ni gefe ta warware mini. A 1646 an yi muguwar yunwa a Falermo, sai ga jirgin ruwa maƙare da alkama ya shigo tashar garin, suka ce albarkacin waliyyiyar tasu ne. Yunwa ba ta bar mutane sun tsaya niƙa da kwaɓi ba, suka dafa tsabar yadda take, suka zuba mai suka ci. Shi ya sa har yau, ranar 13 ga Disamba ba a cin burodi, ba a cin taliya. Mutanen Sirakusa, garin ita Luciyar, inda aka kashe ta a 304 zamanin Rumawa, su ma suna da nasu labarin jirgin alkama. Wannan rigimarsu ce, ba da ni ba. Abin da ya shafe ni shi ne, ita suke ɗauka mai kula da lafiyar ido, kuma tsofaffi na tsorata yara cewa wanda ya ci burodi ranar, idonsa na cikin haɗari. Ni kuwa ga ni tsaye da tabarau mai kauri, rungume da burodi.

Kawu ne ya taso. Ƙanin Kaka, mai hular nan da ba ya cirewa ko a ɗaki. Ya karɓi ledar da yatsu biyu, ya buɗe ƙofar baranda ya ajiye ta a waje, ya rufe, ya dawo ya dubi tabarauna na ɗan lokaci, ya koma ya zauna. Bai ce uffan ba.

Bari in tsaya a kan mutumin nan, don na daɗe da cikinsa. Shi ne yake ajiye babur ɗinsa mai ƙafa uku daidai bakin ƙofarmu, sai na ɗaga keken Ummi sama nake wucewa. Shi ne ranar da na yi miyar kuka ya bi bene hawa-hawa yana shinshina, yana tambaya ko ɓera ya mutu a gidan wani. Daddawa ce, bawan Allah! Mutumin da da idona na gan shi a bakin titi yana cin burodi da saifa da huhu da aka tsoma a kitsen alade yana lasar yatsu. Mutumin da duk tsakiyar Yuli, lokacin bikin Santa Rosaliya, zai zauna a ƙofar gida da kwano cike da ƙananan dodon-koɗi yana zuƙe su ɗaya bayan ɗaya, ana jin ƙarar daga hawa na biyu. Shi ne mai ƙyamar daddawa. Kuma duk randa na soya ƙosai, shi ne farkon wanda zai ga ya kamata ya zo ya duba mana mitar ruwa.

To, kada ku ji an ce ba burodi ba taliya ku zaci azumi ake. Ban taɓa ganin ranar ci irin wannan ba. Ga fanelle, wato garin waken da suke kira ceci, a dama shi ya yi kauri, a shimfiɗa ya sandare, a yanka fale-fale a soya. Ga dankalin turawa da aka dame da cuku aka gasa. Sai uwa uba arancina, wadda saboda ita aka tara mu.

Tun daren jiya Kaka ta dafa shinkafar a romo da za'afaran da bota har ruwan ya tsotse, ta baje ta a faranti ta kwana ta huce, ta yi rawaya ta yi danƙo. Miyar niƙaƙƙen nama da tumatir da fis ita ma ta kwana, ta yi kauri har cokali na tsayawa a ciki. Za ka jiƙa hannu, ka ɗebi shinkafa ka yi mata rami a tafin hannu, ka sa miya, ka rufe, ka mulmula. Daga nan a tsoma a ruwan fulawa, a birkita a garin burodi, sai mai. A Falermo kewayayya ake yi. Surukin Kaka ɗan garin Kataniya ne, su can mai tsini suke yi wai siffar dutsen Etna, don haka an hana shi shiga kicin tun shekarar aurensa.

Ni da na ga aikin sai dariya ta kama ni. Wannan ai curin fura ne aka cusa wa miya. Ni da duk Asabar nake mulmula tuwon shinkafar da rabin Hausawan Ballaro ke layi a kai? Na naɗe hannun riga na ce, "Nonna, ki huta, ki bar mini wannan gefen." Ta ce, "A hankali, 'yata." Na ce a raina, yau za a wanke zancen burodi.

Abu na farko, na lura matan gidan rowa suke yi. Ɗan cokali guda na miya a cikin wannan uban dunƙule, sai ka ci rabi kafin ka haɗu da nama. Mu ba haka aka koya mana ba. Na sassauta miyar gefena da ɗan romo don ta yi daɗin ci, na zuba yajin da nake yawo da shi a jaka, na cika kowace taf, na ja shinkafar ta rufe da kyar. Abu na biyu, na tambaye su tambayar da har gobe ba wanda ya amsa mini: idan burodi ne ba a ci yau, garin da kuke birkita arancinar a ciki na mene ne? Ba burodi ba ne aka busar aka niƙa? Ruwan fulawar fa? Matar babban ɗan Kaka ta ɗaga kafaɗa ta ce wannan ba ya cikin lissafi. Ba ya cikin lissafi! Nawa burodin yana baranda yana shan sanyi, nasu da aka niƙa yana tsakiyar tebur a babban kwano. Sai na ce to shi ke nan, yau baƙuwa za ta fi 'yan gari bin doka. Nawa ba su shiga ruwan fulawa ba, garin ma kaɗan na barbaɗa don kada a ce na yi musu gatse.

Aka ɗora mai a tukunya mai zurfi, don sai ya shanye kan arancina gaba ɗaya take soyuwa. Na Kaka suka shiga suka fito jajir, ko tsaga babu. Aka ce saura na baƙuwa. Kowa ya taso ya cika ƙofar kicin, har Kawu, wanda tun safe bai motsa daga kujera ba sai don burodina.

Na ɗora ta farko a matsami na sauke a hankali, na bi da sauran. Da farko lafiya lau, har na juyo na dubi matar babban ɗan. Sai na ji wani sauti, tsss, can ƙasan tukunya. Sai fat! Ta farkon ta buɗe baki. Romon nan da na ƙara ya haɗu da tafasasshen mai, tukunya ta ɗau kumfa tana hawa. Ta biyu ta bi sahu. Ƙwayoyin fis suka fara tashi sama ɗaya-ɗaya, wani ya bugi silin, wani ya faɗa kofin maƙwabciya. Jikoki suka ruga ƙarƙashin tebur. Kawu kuwa, ban san lokacin da ya ɗauki murfin babbar tukunya ya kare fuskarsa ba, kuma bai gudu ba, matsowa ma ya yi yana leƙe ta gefen murfin don kada wani abu ya wuce shi.

Ni ce mafi kusa. Na sunkuya in ceto ko guda ɗaya, sai wani fantsamin mai da tumatir ya rufe mini tabarau baki ɗaya. Alhamdu lillahi gilashin ne ya tare, da yanzu wani labarin ake. Amma duniya ta koma ja da rawaya, ban ganin komai. Na cire tabarau, kun kuwa san ni ba tabarau, ko hannuna sai na kawo shi kusa. Na shiga lalube ina neman tsumma, ina cewa "ku kashe wutar, ku kashe wutar" da Hausa, don Italiyancin ya gudu ya bar ni. Na damƙo wani abu mai laushi na hau goge gilashin da shi. Hular Kawu ce. Ta faɗo ne lokacin da yake kare kansa.

Wani ya kashe gas. Tukunya ta lafa. Na mayar da tabarau, duk ya yi dishi-dishi da maiƙo, na hango mutum tsaye da sanƙo yana sheƙi, murfi a hannu ɗaya. Ashe abin da hular ke ɓoyewa ke nan. Ya dube ni, ya dubi hularsa a hannuna, ya ɗaga yatsa ya nuna baranda inda burodi yake, sannan ya nuna idona, ya ce a hankali, "Santa Luciya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan duk yinin. Gidan ya kece. Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta aka kawo mata ruwa. Ɗan Kataniya, wanda ya ga yau an samu wanda ya fi shi laifi a kicin, har da buga tebur. Ni kuwa ina tsaye da hular mutum cike da tumatir, na rasa in miƙa masa ne ko in tafi da ita in wanke. Na miƙa. Ya karɓa da yatsu biyun nan dai.

Sai da aka tace man aka canza wani, abinci ya makara. Kaka ta kwashe tarkacen nawa a faranti, ta barbaɗa cuku, ta ajiye a gabana ta shafa kaina ta ce, "Mangia." Na ci kuwa, kuma wallahi ya fi nasu ɗanɗano, yajin ya ratsa. Baban Ummi, mijina na sunna, ya miƙa hannu ta saman farantina ya ɗauki ta Kaka. Yana ci yana yi wa mutane lacca, wai Musulmi sun sauka tsibirin nan a 827, sun ci Falermo a 831, sun riƙe ta har Normawa suka karɓe a 1072, kuma ana cewa su suka yaɗa shinkafa da za'afaran da rake da lemu, don haka arancina kusan gadonmu ce. Kawu ya dubi tarkacen gabana, ya dube shi, ya ci gaba da tauna.

A ƙarshe aka kawo kucciya, ita ce ainihin abincin ranar: alkama da aka jiƙa kwanaki aka dafa ta yi laushi, aka gauraya da cukun rikota na madarar tumaki da sukari, aka sa 'yan gutsattsarin cakulan da kirfa. Wannan kam ba ni da ta cewa, na ƙara har da neman na tafiya da shi.

Kaka ta ce in dawo kafin Kirsimeti za a yi buccellato, zagayayyen kek ɗin nan da ake cusa wa busasshen ɓaure da zabibi da almon da ɓawon lemu. An ba ni aikin yanka ɓaure, a falo, nesa da wuta. Ina tunani tukuna. Af, kuma wadda ta ari babban kulana ranar sunan gidan 'yan Maraɗi ta taimaka ta dawo da shi, Asabar ina da tuwo.