A auna ƙasar Jigawa tun injin haƙar mai bai iso ba

Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, mutanen karkararmu ke fatan Allah Ya sa mu ma a dace. Fatan na da tushe, domin arewa maso gabashin Jigawa na gefen kwarin Chadi ne, inda aka daɗe ana neman mai ta wajen Borno. Ni dai roƙona a fara auna ƙasar da gidajenmu ke zaune a kai, saboda haɗarin girgizar ƙasa.

Duk mai haƙa rijiya ya san ƙasar jihar nan ba iri ɗaya ba ce. A Dutse ko Birnin Kudu, ba a nisa diga take cin karo da dutse. A fadamun Auyo da Haɗejiya kuwa laka ce da yashi, gaba kaɗan ruwa ya tsattsafo. Irin wannan ƙasa mai taushi tana ƙara wa girgiza ƙarfi, yashin da ya sha ruwa kuma yakan saki ya koma kamar kunu, gini ya nutse ko ya karkace. A 1985 girgizar da ta ɗaiɗaita birnin Meziko ta taso ne daga nisan fiye da kilomita 300, amma unguwannin da aka gina a kan lakar tsohon tafki su suka fi rushewa.

Aikin haƙar da kansa yana iya tayar da girgizar ƙasa. A Groningen ta ƙasar Holan, zuƙar iskar gas ta jawo girgiza mai ƙarfin 3.6 a 2012, dubban gidaje suka tsage, har gwamnati ta rufe filin a 2024. A Okalahoma ta Amurka, gurɓataccen ruwan da ake turawa ƙarƙashin ƙasa ne ya haddasa mai ƙarfin 5.8 a 2016.

Wani zai ce ƙasar Najeriya ba ta motsi. Ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, ta motsa a Mpape ta Abuja a 2018. Ƙanana ne, gaskiya, amma soron ƙasa mai azara da damina ta riga ta jiƙa ba ya buƙatar babba.

Muna da cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa a Toro, jihar Bauchi. Ya kamata gwamnatin Jigawa ta nemi a kafa na'urori a yankin Haɗejiya, a fitar da taswirar inda ƙasa take da taushi, a kuma rubuta halin da gidaje suke ciki yanzu, da sa hannun dagatai. In ba a yi haka ba, ranar da bangon talaka ya tsage, kamfani zai ce ruwan sama ne, shi kuwa ba shi da takardar da zai nuna.