Kafin ka ce wa mai kemis ya haɗa maka na gudawa

Jama'a don Allah mu rage wannan ɗabi'ar, da ciki ya ɗan murɗa sai a ruga kemis a ce "haɗa min na gudawa". A Legas, daga Agege har Mile 12 da Idi-Araba duk abu ɗaya ne, yaron shago ya ɓallo sifro (ciprofloxacin) da filajil, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ya ƙulla maka a leda, ba gwaji, ba ma tambayar ko da jini a bayan gidan. Wallahi abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya, musamman in yaro za a ɗura wa.

Ƙwayoyin cutar da ke shigar mu ta abinci da ruwa, irin su E. coli da Salmonella da Campylobacter da ta kwalara, ba sai sun taɓa hanjinka da kansu suke ɓarna ba. Fatar jikinsu ce take ɗan kumbura ta tsinke ta zama ƙulli, kamar dai ƙullin yaji da mai tsire ke ba ka, sai dai wannan ƙanƙantarsa ta kai madubin asibiti na yau da kullum ba ya ganinsa. Tun 1967 masana a Indiya suka hango shi a jikin ƙwayar kwalara. Abin da ke ciki furotin ne kala-kala, kuma wasunsu dafi ne tsagwaronsa. Wani nau'in E. coli, wato O157:H7, tana cusa wani dafi da ake kira Shiga toxin a ciki, wanda ke lalata ƙananan jijiyoyin jini na ƙoda, da wani kuma mai fasa jajayen ƙwayoyin jini. Ƙullin yana kare dafin a hanya har bangon hanji ya haɗiye shi, sannan ya fara aiki daga ciki. Wasu ƙwayoyin cutar ma har furotin mai saran magani irin su amfisilin suke sakawa a ƙullin, ya lalata shi tun kafin ya iso gare su.

To ga inda maganata take. Bincike ya nuna in sifro ya taɓa irin wannan E. coli ɗin, takurar da ya yi mata ce ke sa ta ƙara yin dafi ta kuma ƙara sakin ƙullin nan. Shi ya sa likitoci ke kaffa-kaffa da ba da irin wannan magani in suna zargin ita ce. Kuma ba ƙaramar cuta ba ce, a 2011 wata 'yar uwarta ta ɓarke a Jamus ta hanyar tsiron hulba, e hulbar nan da muka sani, mutum sama da 50 suka mutu, ɗaruruwa ƙodarsu ta taɓu, a ƙasar da ke da asibitoci na gani na faɗa fa, balle mu da kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya ma sai an yi karo-karo a masallaci.

Ba na cewa maganin ba shi da amfani, ko a kwalarar da ta addabi Legas a 2024 ana ba wanda ta yi wa tsanani, amma likita ne ke yanke wannan, kuma abin da ake fara ceton rai da shi ruwan gishiri da suga ne, yara a haɗa musu da zinki. In kin ga jini a kashin yaronki, ko fitsarinsa ya ragu, ko fuskarsa ta kumbura, 'yar uwa kar ki tsaya kemis, asibiti za ki nufa a ranar.