Shekara 22 a kaki, aka nuna masa teburin masu gadi

A wani zauren taro a jihar Texas, dab da wani babban barikin soja, kamfanoni sun kafa tebura suna neman ma'aikata daga cikin sojojin da ke shirin ajiye kaki. Irin wannan taro ana yin sa sau da yawa a shekara a nan Amurka. Kowane kamfani da teburinsa da tutarsa, da biro da kofuna na kyauta, da ma'aikata biyu ko uku a tsaye suna ta murmushi. Wani magidanci mai shekara 40 da 'yan kai ya iso wani tebur, sanye da kwat da ake gani jikinsa bai saba da ita ba, ya miƙa takardarsa. Shekara 22 ya yi a soja, ya kai samanja mai kula da sojoji sama da 100. Tambayar farko da matar ta yi masa ita ce: hafsa ne ko ƙaramin soja? Da ya ba ta amsa, sai ta nuna masa ƙarshen tebur, inda takardun aikin gadi da na sito suke. Saurayin da ke bayansa kyaftin ne, shekara biyar a aiki, shi aka miƙa wa takardar shirin horar da manajoji. Samanjan nan ya yi godiya, ya tafi inda aka nuna masa, bai ce uffan ba. Wannan shirun nasa ya fi nunin da matar ta yi ƙona min rai.

Sai mutum ya san yadda sojan Amurka yake a tsare kafin ya ga girman asarar. Ƙananan sojoji suna da matakai tara, daga E-1 zuwa E-9, hafsoshi kuma goma, daga O-1 zuwa O-10. A cikin kowane sojoji biyar, sama da huɗu ƙanana ne. A sojan ƙasa, E-5 shi ne saja. E-6 yana riƙe da mutum tara ko makamancin haka. E-7 yana kula da mutum 30 zuwa 40, kuma a takarda shugabansa laftana ne ɗan shekara 22 ko 23 wanda bai daɗe da barin jami'a ba, amma kowa a barikin ya san wa ke koya wa wa aiki. E-8 shi ne irin mutumin da na gani a zauren. Horon yara, tarbiyyarsu, matsalar albashinsu, rigimar aurensu, wanda ya sha ya yi faɗa ranar Asabar da dare, duk a kansa suke ƙarewa. Sajojin nan suna da wata magana da suke yi wa kurtu idan ya kuskura ya ce musu yallaɓai: kada ka ce min yallaɓai, ni da gumina nake ci.

To me ya sa mai ɗaukar aiki ba ya ganin wannan? Ba na jin ƙiyayya ce. Digiri ne da harshe. Hafsa a Amurka da digiri yake shiga, ko daga kwalejin soja ta West Point, ko daga horon soja na cikin jami'o'i, ko daga makarantar horar da hafsoshi bayan kammala karatu. Manyan kamfanoni kuma na'ura ce ke fara tace takardun masu nema, kuma idan an rubuta dole sai da digiri, takardar samanja ba za ta kai gaban ɗan Adam ba, ko da ya shekara 20 yana tafiyar da mutane. Akwai ma kamfanonin dillancin aiki da ba su da wata sana'a sai kai ƙananan hafsoshi, laftana da kyaftin, ga manyan masana'antu. Kyaftin yana fita ya tarar da hanya a share, da tsofaffin 'yan makarantarsu a ofisoshi suna jiran kiransa. Ma'aikaciyar da ke bakin tebur kuwa wataƙila ba ta da ɗan'uwa ko ɗaya a soja, abin da ta sani daga fim ta san shi: hafsa yana tunani, saja yana ihu.

Amma rabin ɓarnar daga shi sajan take fitowa, kuma nan ne abin yake da ciwo. A soja, tarihin mutum a ƙirjinsa yake. Kafin ya buɗe baki an ga igiyarsa, an ga lambobinsa, an san matsayin da za a ba shi. Bai taɓa buƙatar ya yabi kansa ba, yabon kai ma abin kunya ne a wurinsu. Sai ya zo rubuta CV ya cika ta da lambobin da ba wanda ya sani a waje. Ya rubuta 92Y maimakon ya ce shi ne mai kula da sito da lissafin kaya. Ya rubuta 91B maimakon makaniken manyan motoci, 25B maimakon ma'aikacin kwamfuta da hanyoyin sadarwa. A intabiyu a tambaye shi me ya yi, ya ce "mun yi", domin haka aka koya masa, mai tambaya kuma ya ɗauka shi ɗan rakiya ne. Ya zauna a miƙe kamar sanda, ya ba da amsa kalma uku, ya jira tambaya ta gaba. Wanda ya fito daga jami'a kuwa labari yake bayarwa: ga matsalar, ga abin da na yi, ga abin da ya fito.

Gyaran wannan ba shi da wuya, sai dai yana son zama da haƙuri. Ma'aikatar ƙwadago tana da shafin O*NET inda mutum zai sa lambar sana'arsa ta soja ya ga ayyukan farar hula da suka yi daidai da ita da kalmomin da ake kiransu da su. Sannan ya ɗauko rahotannin da shugabanninsa suka rubuta a kansa kowace shekara, domin alƙaluman suna ciki: mutum nawa ya riƙe, motoci nawa, kayan dala nawa ya sa wa hannu ba tare da ko ƙusa ta ɓata ba, kwas nawa ya koyar. Waɗannan su ne za su hau takarda, shafi ɗaya ko biyu, babu sunan muƙami a sama, babu gajerun haruffan bariki. Wanda ya riƙe mutum 35 da motoci 12 manajan ayyuka ne, ya rubuta haka, kada ya ji kamar ƙarya yake yi.

Wuri na biyu da suke faɗuwa shi ne albashi. Albashin soja a jadawali yake, muƙami da shekaru, ba ciniki. Saboda haka duk abin da aka fara taya masa sai ya sallama. Kuma yakan auna tayin da ainihin albashinsa kawai, ya manta alawus ɗin gida da na abinci da yake karɓa ba a cire musu haraji, ya manta asibitinsa da na iyalinsa kusan kyauta ne. A waje haya daga aljihunsa za ta fita, inshorar lafiya kuma a albashi za a yanka kowane wata. Tayin da ya yi kama da ƙari sai ya tashi ragi. Wanda ya yi shekara 20 yana da fansho, rabin ainihin albashi a tsohon tsari, kashi 40 cikin 100 a tsarin da aka fara a 2018, kuma wasu masu ɗaukar aiki da wannan suke fakewa su taya ƙasa. Fanshonsa haƙƙin aikin da ya wuce ne, ba ruwansa da kuɗin aikin da zai yi.

Inda Amurka ta burge ni, kuma ba zan ɓoye ba, shi ne ta ajiye wa ƙaramin soja tsani, mataki-mataki, a cikin doka. Tun yana cikin kaki ana biya masa kuɗin karatu, har dala 250 kan kowane awon darasi, kuma yana iya zana jarrabawar CLEP kyauta a karon farko ya tsallake wasu darussan shekarar farko. Kwasa-kwasan da ya yi a soja suna cikin takardar da ake kira JST, jami'o'i da yawa suna lissafa su su rage masa zango. Dole ne ya fara shirin TAP na koyon rayuwar farar hula aƙalla kwana 365 kafin ya fita. A ƙarshen aikinsa, in kwamanda ya amince, shirin SkillBridge yana ba shi damar zuwa wani kamfani ya koyi aiki a cikin kwana 180 na ƙarshe, soja na ci gaba da biyan sa albashi. Direban soja mai lambar sana'a 88M da ya shekara biyu yana jan manyan motoci yana iya samun lasisin tirela ba tare da gwajin tuƙi ba, matuƙar ya nema cikin shekara ɗaya da barin aikin. Da yawa suna sakaci wa'adin ya wuce su. Bayan ya karɓi takardar sallama, DD-214, dokar GI Bill ta 2008 tana biya masa karatun wata 36 a jami'ar gwamnatin jiharsa, da kuɗin littattafai har dala 1,000 a shekara, da kuɗin haya a kan ma'aunin saja mai iyali, ko da farabiti ya fita ko kanar. Wanda ya zaɓi karatu ta intanet zalla, kuɗin hayar raguwa yake yi sosai, wannan ma ya kamata a sani kafin a yi rajista.

A aikin gwamnatin tarayya ma akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ana ƙara wa tsohon soja maki 5, ko 10 in ya samu naƙasa a bakin aiki. Amma wanda ya yi ritaya yana manjo ko sama da haka ba shi da wannan fifikon, sai in naƙasasshe ne. Wato a nan dokar da gangan ta karkata ga na ƙasa. Wasu jihohi kuma sun fara cire sharaɗin digiri daga yawancin ayyukansu, Maryland a 2022, Pennsylvania a 2023. Chuck Hagel saja ne a yaƙin Vietnam, a 2013 ya zama sakataren tsaro, janar-janar suna sara masa. A zaɓen 2024 duka 'yan takarar mataimakin shugaban ƙasa na manyan jam'iyyun biyu tsofaffin ƙananan sojoji ne, kuma wanda ya ci, JD Vance, da kofur ya fita daga sojan kundumbala na ruwa.

Na gida kuwa ba sai na faɗa wa kowa ba. Kowa ya san bambancin wanda ya shiga ta Depot a Zariya da wanda ya shiga ta NDA a Kaduna, kuma kowa ya san inda ake samun kowannensu bayan ritaya: ɗaya a kujerar shugaban hukumar kamfani, ɗaya a bakin get yana ɗaga ƙarfe. Ban manta da cibiyar Oshodi a Legas ba, inda ake koya wa sojoji masu shirin ritaya sana'a, kuma akwai waɗanda suka amfana. Ban kuma ce Amurka ta gama da nata ba, ga abin da ya faru a zauren nan, ga kuma tsofaffin sojoji da ake gani a mahaɗar titi riƙe da kwali. Amma a nan raini ne na mutum ɗaya a bakin tebur, wanda takardar shaida da digiri na wata 36 za su iya karyawa. A can makaniken da ya shekara 30 yana kwance injin tankar yaƙi fita yake yi ba shi da wata takarda da kamfani zai karɓa, sai layin tantance 'yan fansho. Idan ana maganar abinci da makarantar yara, ba na haɗa su.

Duk da haka akwai abin da na kasa daina tunani a kai. Samanjan nan, ko ya samu aikin manajan, ranar farko yaro sa'an ɗansa zai kira shi da sunansa na yanka, gatsau, ya dafa masa kafaɗa. Haka al'adar ofis take a nan, ba da mugun nufi ba, amma kunnena har yau bai saba ba. Tsohon kyaftin da ke kamfanin zai iya zama a ƙarƙashinsa, ya rasa yadda zai gyara masa kuskure, domin shekara 22 jikinsa ya yi yana miƙewa in hafsa ya shigo. Wasu kuma akasin haka suke yi, su ɗaga murya kamar a filin fareti, a kai ƙararsu ofishin ma'aikata. Masu sanin abin suna cewa a nemi wani tsohon saja da ya riga ya shekara biyu ko uku a waje a riƙa zama da shi, kuma in dare ya fara tsawo a kira 988 a danna 1, layin agajin tsofaffin sojoji masu cikin damuwa ne. Ranar 11 ga Nuwamba, ranar tsofaffin sojoji, gidajen abinci za su ba shi faranti kyauta, baƙi su ce sun gode da hidimarsa, washegari ba wanda ya san ko shi wane ne. Maƙwabcinsa na shekara goma bai san ya taɓa riƙe mutum 100 ba.

A gida kuwa igiyar ba ta barin mutum. Fansho ya makara wata uku, rigarsa ta koɗe, amma Baba Samanja ne har ya koma ga Allah, matarsa matar Samanja, 'ya'yansa 'ya'yan gidan Samanja. Shi ake kira in samari sun yi rigima, shi ke daidaita sahu a filin Idi, in ya doso majalisa yara su tashi su ba shi tabarma tun bai yi sallama ba.