Wa Ya Biya Kuɗin Filin? Siyasar Rediyo da Majalisun Ƙauyukanmu

Duk wanda ya san teburin mai shayi a garuruwanmu, daga Sumaila har Kafin Hausa, ya san yadda ake yi bayan sallar isha'i. Rediyo na rataye jikin ƙusa kusa da gwangwanayen madara, mai shayi na sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan, sai taken shirin siyasa ya tashi. Nan take hira ta tsaya. Kafin a rufe shirin, mutum biyu da suka wuni a gona ɗaya sun fara nuna wa juna yatsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kaɗan ne daga cikin mazauna bencin nan suka san cewa da yawa daga muryoyin da suka ji, saya musu filin aka yi.

Jama'a, mu fara daga tushe. A 1992 aka kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar mallakar gidan rediyo. Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, wasu suka biyo baya, yau ga FM nan birjik a Kano da Dutse da Haɗeja. Alheri ne babba, don talaka ya sami bakin magana. To amma gidan rediyo ciki gare shi. Na'urar watsa shiri ba ta jure ɗaukewar wuta, dole janareta ya yi ta shan dizal. Ga albashi, ga kuɗin lasisi, ga gyaran eriya. Manyan kamfanonin da ke ba da talla kuwa yawancinsu a Legas ake yanke shawararsu. Su wa suka rage masu kuɗi a hannu a nan gida? Gwamnati, 'yan siyasa, sai masu maganin gargajiya. Daga nan karkata ke farawa, tun kafin wani ya buɗe baki ya yi ƙarya.

Fili sayar da shi ake yi kamar yadda ake auna hatsi a Dawanau. Akwai na minti goma sha biyar, akwai na rabin awa, kuma galibi ana ƙulla ciniki na kwata, wato mako 13. Lokacin dare bayan isha'i da na sassafe sun fi tsada, domin a lokacin manomi ke kusa da rediyonsa. Mai gidan siyasa ba ya zuwa da kansa. Wata ƙungiya ce za ta saya, mai suna irin na masu kishin ci gaban ƙaramar hukuma, ta zuba sojojin baka. A farkon shiri a ce "wannan fili ne da aka ɗauki nauyinsa" cikin daƙiƙa uku, wanda ya kunna rediyo bayan minti biyar bai ji ba. Shi a wurinsa rediyo ce ta faɗa. Kuma sojan bakan da ya rantse bara cewa wane ɓarawo ne, bana in ciniki ya canza za ka ji shi yana rantsuwa cewa waliyyi ne, da murya ɗaya, a gida ɗaya.

Wanda ya fi wannan illa shi ne labarin kuɗi, wato wanda aka biya a karanta, domin shi a tsakiyar labaran duniya ake cusa shi. An raba babura, an yi taron karɓar masu sauya sheƙa, an buɗe rijiyar burtsatse: mai taro ya biya sashen kasuwanci, wanda ya kawo cinikin ya karɓi lada, mai karanta labarai ya karanta shi da muryar da ya karanta labarin ambaliya. Mai sauraro ba shi da wata alama da zai rarrabe.

Sai batun yadda labarin ƙauye ke isa ɗakin labarai. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27, amma wakilai a birni suke taruwa. Aika ɗan jarida Birniwa ko Doguwa kuɗin mai ne da yini guda. Saboda haka in ba a motar tawagar kwamishina ya je ba, to takardar sanarwa ce jami'in yaɗa labarai ya turo ta WhatsApp. Wanda aka kai a mota, aka ciyar, aka ba kuɗin mota a ambulan, da wane ƙarfin hali zai tsallaka bayan rumfar taro ya tambayi matan da ke layin asibiti ko akwai magani? Ban ɗora laifin kacokan a kansa ba. Akwai masu aikin da albashinsu ba ya kai su rabin wata, akwai waɗanda katin shaida kawai aka ba su. Amma sakamakon ɗaya ne: ƙauye ba ya shiga labarai sai ranar da babba ya ziyarce shi, ko ranar da aka mutu da yawa, kamar gobarar tankar mai ta Majiya a Oktoban 2024.

Ga misali kan yadda almakashi ke aiki. A ce an miƙa wa manomi makirufo ya ce: "An kawo taki, mun gode wa gwamnati. Sai dai buhunan ba su kai ko'ina ba, kuma ya iso ne bayan gero ya fid da kai." Magana ce ta daƙiƙa goma sha biyu. Gidan da ke tare da gwamnati zai yanke daga "mun gode", ya rufe. Gidan da ke ɗaya ɓangaren zai fara daga "buhunan ba su kai ko'ina ba", ya jefar da godiyar. Babu wanda ya ƙirƙiri kalma ko ɗaya, muryar mutumin ce da gaske, amma an fitar da manomi biyu daga bakin mutum ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci a maganarsa kuwa, wato lokacin isowar takin, ya salwanta a gidajen biyu. Taki na da lokacinsa: NPK da wuri, wajen shuka ko bayan noman farko, yuriya daga baya kafin amfani ya fid da kai. Wanda ya iso a makare ya zama kayan sayarwa a kasuwa. Wannan ita ce tambayar da ya kamata a tsare kwamishinan gona da ita, ko na wace jam'iyya ne.

Kalma ɗaya ma ta isa. Tun bayan da majalisar dokokin Kano ta soke dokar masarautu a Mayun 2024, ka saurari yadda ake kiran sarakunan biyu masu jayayya kan sarautar Kano. Wani ya ce "Sarkin Kano" kawai, wani ya ƙara "na 15" ko "na 16", wani ya ce "tsohon sarki". Kafin a shiga labarin ka riga ka san inda aka jingina. Haka "ya bayyana" da "ya yi iƙirari", haka "dubban magoya baya" da "wasu matasa".

Gidajen gwamnati nasu ciwon daɗaɗɗe ne. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa jaridar Triumph a 1980, ta kafa talabijin na CTV, a lokacin da kafofin tarayya ke ƙarƙashin mulkin jam'iyyar NPN. Kowace gwamnati tun daga nan kallon kakakinta take yi wa gidan jiha, alhali da harajin kowa ake biyan albashin. Dokar Zaɓe ta 2022, sashe na 95, ta hana amfani da kafar gwamnati don fifita wata jam'iyya, ta ce a raba lokaci daidai kuma a sa'o'i masu kama da juna. Wannan gaɓar ta sa'o'i ita ake yi wa wayo: a ba ɗan adawa minti talatin ɗinsa cif, amma da ƙarfe sha ɗaya na rana, mutane na gona.

Illar duk wannan a majalisa ake ganinta. Ku dubi kwarin Haɗeja. Kowa ya san ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya cike kogi, kuma yadda ake sakin ruwa daga madatsun Tiga da Challawa na shafar mutanen Ringim da Auyo da Miga da Guri. Ambaliyar 2022 ba ta tambayi katin jam'iyyar kowa ba. Magana ce ta injin yashe kogi nawa ke aiki, kilomita nawa aka share, wa ke da alhakin sanar da mutane kafin a buɗe ruwa, hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya ko jiha. Amma in ka ɗaga wannan a bakin masallaci, tambayar farko ita ce kai na wane ne. An koya wa kunnuwanmu cewa duk mai ƙorafi turo shi aka yi, duk mai yabo biyansa aka yi. Dattijon da ya san hanyar ruwa tun yana yaro sai ya ja bakinsa, don ba ya son yaron da ya haifa ya kira shi ɗan kore. Wannan asarar ta fi zagin da ake yi a iska ciwo.

Filin kiran waya ma bai cike giɓin ba. Masu kira na kullum suna da kati, suna da lambar da ke shiga, wasunsu akwai mai saka musu kuɗin. Mutumin da sai ya hau tudu yake samun sabis, kafin kiransa ya shiga an yi sallama. Washegari kuma a shagon mai cajin waya ake tura guntun muryar minti ɗaya daga waya zuwa waya, babu farko babu ƙarshe, babu sunan wanda ya ɗauki nauyi.

A Mayun 2025 gwamnatin Kano ta sanar da dakatar da shirye-shiryen siyasa na kai tsaye. Na yarda cin mutunci ya yi yawa, kuma akwai kalaman da ke iya tada unguwa. Amma gwamnati ɗaya ce daga cikin masu kokawar, bai dace ta zama alƙalin wasa ba. Ita kanta NBC, a Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce ba ta da hurumin cin gidajen tara da kanta. Gyaran da zai yi aiki a cikin gidajen yake, kuma ba shi da tsada. A faɗi sunan wanda ya biya fili, sunansa na gaskiya, a farko da tsakiya da ƙarshe. A fitar da labarin kuɗi daga cikin labaran duniya, a yi masa takensa daban. A sa na'urar da ke jinkirta magana na 'yan daƙiƙoƙi, mai kula da sauti ya datse ashar kafin ya fita. A ware ko da rana ɗaya a mako da wakili zai tafi kasuwar ƙauye da kuɗin gidan, Alhamis a Maigatari, Juma'a a Wudil, Lahadi a Gujungu.

Mu ma masu sauraro akwai haƙƙin da muke bari yana kwana. Ƙa'idojin NBC sun tanadi damar mayar da martani ga wanda aka ambata ba daidai ba. In an yi wa garinku ƙarya, ko an ce an gama aikin da ba a gama ba, ƙungiyar ci gaban gari ta rubuta wa manajan gidan takarda: sunan shiri, rana, ƙarfe nawa, ainihin abin da aka faɗa, da hoton wurin kamar yadda yake. Mutum biyu ko uku su sa hannu, kuma a tabbata ba 'yan jam'iyya ɗaya ba ne. A kai da hannu, a sa sakatare ya buga hatimi a kwafinku, a aika wani kwafin ofishin NBC na Kano. A yi haka cikin kwana biyu ko uku, tun faifan shirin na ajiye kuma mutane ba su manta da abin da suka ji ba.