Kuɗin rashin aiki a Amurka: Haƙƙin da 'yan uwanmu ke bar wa hukuma

Idan kamfani ya rage ma'aikata a Amurka kuma sallamar ta faɗa kan wani daga cikin mutanenmu, ko a unguwar Bronx ta birnin New York ko a Greensboro ta jihar North Carolina, sau da yawa abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne wanda zai ranta masa kuɗin haya, ba asusun da jiharsa ta tanada domin irin wannan rana ba. Wasu kunya ce ke hana su nema, domin suna ganin karɓar kuɗi daga hukuma alhali mutum na da lafiya ya yi kama da bara. Wasu kuma tsoro ne, kada neman ya ɓata musu takardun zama. A ganina waɗannan dalilai biyu ba su tsaya da ƙafarsu ba, kuma asarar da suke jawowa a kan iyali take ƙarewa, na can da na gida masu jiran aike a ƙarshen wata.

Ya kamata a fara da sanin inda kuɗin ke fitowa. Jihar Wisconsin ce ta fara kafa dokar inshorar rashin aiki a 1932, sannan a 1935 shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta shimfiɗa tsarin a faɗin ƙasar, lokacin da karayar tattalin arziki ta jefa miliyoyin mutane cikin zaman kashe wando. Tun daga nan mai kamfani ne ke biyan haraji a kan kowane ma'aikacinsa: na tarayya shi ne kashi 6 cikin 100 na dala 7,000 na farko a albashin shekara, wanda akasari rangwame ke saukar da shi zuwa kashi 0.6, sai kuma harajin jiha wanda daga cikinsa ake biyan waɗanda suka rasa aiki. A jihohi uku kaɗai, Alaska da New Jersey da Pennsylvania, ake cirar wani abu kaɗan daga albashin ma'aikaci kai tsaye. Mai kamfani kuwa ba kyauta yake yi ba, tun kafin ya yanka wa mutum albashi ya riga ya lissafa wannan haraji cikin tsadar ɗaukarsa. Saboda haka wanda ya nemi kuɗin bayan an sallame shi guminsa yake karɓa, ba sadaka ba, kuma ba bashi ba ne da za a bi shi.

Ba na cewa tsarin adali ne a ko'ina. Kowace jiha ita ke yanka wa kanta adadi da wa'adi, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da ciwo. Yawancin jihohi suna biya har tsawon makonni 26, kimanin rabin albashin da mutum ke samu a da, muddin bai wuce wani ma'auni ba. Amma a Florida wa'adin kan tsaya a makonni 12, kuma komai yawan albashin mutum ba zai karɓi fiye da dala 275 a mako ba. A Mississippi dala 235 ne, yayin da a Massachusetts ya haura dala 1,000. Jihar New York ta shafe shekaru a kan dala 504 kafin ta ɗaga shi zuwa 869 a 2025. Duk wanda ya san kuɗin haya a birnin Miami na jihar Florida ya san dala 275 ba ta riƙe gida. Duk da haka, ƙarancin kuɗin hujja ce ta neman a gyara doka, ba hujjar barin abin da ya halatta ba. A shekarun da babu wata annoba, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na marasa aiki a Amurka ne ke karɓar wannan kuɗi, kuma da yawa daga cikin sauran ba hana su aka yi ba, ba su nema ba ne.

Sharuɗɗan ba su da wuyar ganewa, sakaci da su ne ke da tsada. Dole rasa aikin ya kasance ba laifin mutum ba ne, dole ya yi aiki ya sami wani adadin albashi a cikin kimanin shekara guda da ta gabata, kuma dole ya kasance da lafiyar aiki, yana neman wani. A jihar da ya yi aikin ake shigar da buƙata, ba lallai inda yake kwana ba, abin da ya shafi masu zama a New Jersey suna aiki a New York. Galibi lissafi kan fara ne daga makon da aka shigar da buƙatar, don haka wanda ya zauna wata guda yana jiran ko shugaban wurin aiki zai sake kiransa yana iya asarar kuɗin watan. Bayan haka a kai a kai, kowane mako ko mako biyu, sai ya tabbatar wa hukuma cewa har yanzu yana nema, ya kuma faɗi duk abin da ya samu ko da aikin yini ɗaya ne. Kuɗin ma ana biya masa harajin tarayya.

Inda na fi jin takaici shi ne yadda mutane ke miƙa wuya da zarar wasiƙar ƙin amincewa ta iso. Mai kamfani yana da dalilin musantawa, domin yawan tsofaffin ma'aikatansa da ke karɓa yana ƙara masa haraji, shi ya sa wani kan ce mutum da kansa ya ajiye aiki ko kuma rashin ɗa'a ya sa aka kore shi. Rashin iya aiki yadda ake so daban, rashin ɗa'a da gangan daban, kuma doka ta bambance su. Akwai damar ɗaukaka ƙara gaban alƙalin hukumar, amma wa'adin gajere ne: kwana 30 a New York, a wasu jihohi kwana 10 kacal. Takardar sallama da takardun albashi da saƙonnin waya su ne shaidu, kuma wajibi ne mutum ya ci gaba da tabbatarwar mako-mako yayin da ake sauraron ƙarar, in ba haka ba ko ya yi nasara makonnin da ya tsallake suna iya salwanta.

Maganar takardun zama kuwa, baƙon da ke da izinin aiki a lokacin da ya yi aikin da kuma lokacin da yake nema yana da haƙƙi kamar ɗan ƙasa. Ƙa'idojin shige da fice na 2019 da na 2022, duk da cewa gwamnatoci biyu masu saɓanin ra'ayi ne suka fitar da su, babu wadda ta lissafa kuɗin rashin aiki cikin tallafin da ke sa a ɗauki baƙo a matsayin nauyi a kan gwamnati. Tunda waɗannan ƙa'idoji na sauyawa, wanda takardunsa ke hannun hukuma ya tuntuɓi lauya, kada ya tsaya ga jita-jitar wurin hira.

Babban giɓin yana wurin masu aikin da ake biya a hannu, ba rasit ba rajista, da waɗanda kamfani ya rubuta a matsayin 'yan kwangila masu zaman kansu, irin direbobi da masu kai saƙo. Ranar biya kuɗin hannu ya fi daɗi tunda ba a cire komai ba, amma ranar sallama babu sunan mutum a kundin jiha. A 2020, da rashin aiki ya kusa kai kashi 15 cikin 100 a watan Afrilu, majalisar dokoki ta shigar da irin waɗannan ma'aikata cikin tallafi na wucin gadi, wanda ya ƙare a Satumbar 2021. Amma tun a 2018 hukumar ɗaukaka ƙara ta New York ta yanke cewa wasu direbobin Uber ma'aikata ne ta fuskar wannan inshora, wato sunan da kamfani ya laƙaba wa mutum ba shi ne hukunci ba, ya nema hukuma ta duba.

Ƙarya a nan tana da hatsari. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya ƙiyasta cewa 'yan damfara sun sace tsakanin dala biliyan 100 zuwa 135 daga wannan asusu a lokacin korona, kuma a 2022 wata kotu ta ɗaure wani ɗan Najeriya shekara biyar saboda satar kuɗin jihar Washington da sunayen wasu. Jihohi sun tsaurara tantance mutane a sakamakon haka, masu gaskiya na ɗanɗana jinkirin. Wanda aka kama ya ɓoye aikin da yake yi yana karɓa zai mayar da kuɗin, da tarar aƙalla kashi 15 cikin 100 a kai, kuma ga baƙo tuhumar damfara ita ce ke iya taɓa takardun zamansa.