Kura da Shan Bugu: Nasiha ga Masu Raddi da Sunan Bogi

Assalamu alaikum, ƙannena maza da mata.

Abin da ya yi ta yawo a wayoyinmu makon nan ya isa ya sa mai hankali tagumi. Wani shafi marar suna, marar fuska, ya yanko guntun karatun wani dattijo, ya zubar da abin da ya gabata da abin da ya biyo baya, ya ɗora masa sautin dariya ya saki. Kafin la'asar ɗaliban dattijon sun buɗe nasu shafin, shi ma babu suna, sun yanko malamin wancan ɓangaren. Kowa kuma da bakinsa yana cewa raddi yake yi. Wane raddi? Wanda ya ɓoye sunansa ya yi wa babba ba'a, jifa ya yi a kasuwa ya sunkuya.

Kada ku ɗauka ku kuka fara. An yi wannan a Ingila tun zamanin da haruffan dalma ake jerawa da hannu, kuma an ga inda ya ƙare.

A 1559 majalisar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta kafa doka cewa ƙasa duka littafin addu'a ɗaya za a bi, wanda kuma ya ƙi zuwa coci ranar Lahadi ya biya tarar kwabo 12, sule guda ke nan. Masu jayayyar da zan ba ku labari dukkansu Furotesta ne. Wani ɓangare na ganin gyaran da aka yi ya isa, a bi hukuma. Ɗaya ɓangaren, waɗanda aka laƙaba wa Furitan, na ganin an bar ragowar al'adun Katolika: farar rigar limamin coci, hula mai kusurwa huɗu, durƙuso wajen karɓar jibi, alamar gicciye wajen baftisma, zoben aure. A 1566 an dakatar da limaman coci 37 a Landan saboda rigar nan kawai. Daga riga magana ta hau sama, ta kai ga tambayar ko ma ya halatta a yi bishop, wato shugaban da ke kan limaman coci na wani yanki.

To ku dubi yadda aka fara muhawarar. A 1572 John Field da Thomas Wilcox suka buga takardar gargaɗi ga majalisa, mai zafi ƙwarai. Ba su sa suna ba, amma da aka kama su sun amsa cewa su ne, aka yanke musu shekara guda a kurkuku. John Whitgift na Jami'ar Cambridge ya rubuta amsa. Thomas Cartwright ya mayar masa a 1573. Waɗannan biyun ba abokai ba ne, domin Whitgift na cikin waɗanda suka raba Cartwright da kujerarsa ta farfesa a 1570. Duk da haka, da Whitgift ya fitar da babban littafinsa a 1574, ga yadda ya tsara shi: ya kawo sakin layi daga takardar gargaɗin, ya kawo amsarsa ta farko, ya kawo martanin Cartwright tare da lambar shafi da sashe, sannan ya yi tasa maganar. Sakin layi bayan sakin layi, ɗaruruwan shafuka. Hukuma ta hana takardar gargaɗin yawo, amma duk wanda ya sayi littafin Whitgift ya karanta ta a ciki. Akwai gatse a rubutunsu, akwai zafin rai, ba waliyyai ba ne. Sai dai mai karatu na iya duba maganar mutum da idonsa ya ce an yi masa adalci ko an cuce shi. Wa zai iya haka da guntun bidiyonku?

Aibin wannan hanya nauyi ne. A 1587 wani malamin hukuma, John Bridges, ya fitar da littafin kare tsarin bishop mai shafi sama da 1,400. Wa zai karanta? A nan ɓarakar take, ta nan kuma mai ba'a ya shigo.

Kuma kada a ce 'yan Furitan ba su da abin kuka. Whitgift ya zama Akbishop na Kantabari, wato babban limamin cocin Ingila, a 1583, ya tilasta wa limamai sa hannu kan amincewa da littafin addu'a gaba ɗayansa, wanda ya ƙi a dakatar da shi. A 1586 aka kafa doka cewa ba a ajiye injin buga littafi sai a Landan, da guda a Oxford, guda a Cambridge, kuma littafi ba ya fita sai da izinin Akbishop ko Bishop na Landan. Wato abokin gardamarka shi ke riƙe da makullin bakinka. Zalunci ne. Na faɗi wannan ne saboda ku ma abin da kuke kafa hujja da shi ke nan, wai su suka fara, wai gaskiya tana wurinku. To su ma waɗancan suna da abin faɗa, amma ku ji abin da ba'a ta yi wa abin faɗar tasu.

A watan Oktoba na 1588 wata ƙasida ta ɓulla da sunan Martin Marprelate, mutumin da babu shi. Ta ce za ta amsa wa Bridges, amma sai ta koma kan mutuncin mutane. Ta ce wai bishop-bishop ƙananan Paparoma ne. Wai Bishop na Landan, John Aylmer, yana wasan mirgina ƙwallo ran Lahadi, ya sare itatuwan gidan sarautarsa na Fulham, ya riƙe yadin da ɓarayi suka sace wa marina. An yi ta dariya daga kasuwa har fada. Ƙasidu 7 suka fita cikin shekara guda.

Yanzu ku tsaya ku ga abin da ake bukata kafin a buga irin wannan a ɓoye, domin a nan darasin yake. Injin katako ne babba, sai an wargaza shi a loda a keken doki. Akwatunan haruffan dalma suna da nauyin gaske. Mutum guda na jera haruffa ɗaya bayan ɗaya, biyu na kan injin, wannan na shafa tawada wancan na jan hannu, in sun ƙware su buga fuska ɗaya ta takarda kamar 250 a awa. Sai an jiƙa takarda kafin bugu, a shanya ta bayan bugu, a ninka kowace sau biyu ta ba da shafi 8, a ɗinke. Akwai ƙara, akwai warin tawada, akwai sayen takarda mai yawa da ke sa a tambayi dalili. Kuma kowane kashin haruffa na da tabonsa, harafin da ya ɓalge ko ya lanƙwashe, wanda ɗan sana'a zai gane da kallo ɗaya. Saboda haka kafin marubuci guda ya ɓuya, sai mutum goma sun fito fili: mai gida, mai keke, mai bugu, mai ɗinki, mai rabawa.

Haka aka yi ta gudu da injin. An fara a gidan wata bazawara, Elizabeth Crane, a East Molesey. Aka kai shi Fawsley gidan Sir Richard Knightley, daga nan Coventry, daga nan Wolston. Mai bugun farko, Robert Waldegrave, ya janye ya bar ƙasar. John Hodgkins ya karɓa da yaransa biyu. A kan hanyarsu ta arewa, a garin Warrington, haruffa suka zube ƙasa wajen sauke kaya, mutane suka taru, Hodgkins ya ce musu harsashi ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Agusta na 1589 aka kama su kusa da Mancesta suna tsakar aiki, aka kai su Landan aka azabtar da su. Mai ɗinkin littattafan, Henry Sharpe, ya zayyana wa hukuma duk abin da ya sani. A 1590 aka ci Knightley tarar fam 2,000, sauran masu gidajen ma aka ci su. Shi kuwa Martin? Mafi yawan masana na ganin wani ɗan babban gida ne, Job Throkmorton. Ya musanta, bai sha ɗaurin da wasu suka sha ba, ya rayu har 1601. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kai mai shafin bogi, wa ke ɗaukar maka injin? Ƙaninka da aka yi rajistar layin da sunansa. Mai kula da zauren WhatsApp da ya bar abin ya wuce. Yaron da ya tura wa wani bai ma saurara ba. Mahaifinka da za a nuna da baki a masallaci ranar da aka gano ka. Su ne masu suna da adireshi. Kai kana kwance kan katifa ƙarfe biyun dare kana ƙirga masu dariya, asuba ta wuce ka, kuɗin datar ma roƙonsa ka yi. Wannan roƙon data da ya zama sana'ar samari masu lafiya, shi ma wata rana sai mun zauna a kansa.

Ba nan ɓarnar ta tsaya ba. Da farko hukuma ta amsa da natsuwa, Bishop Thomas Cooper ya rubuta littafi a 1589. Martin ya mai da sunan mutumin abin wasa. Sai wani malamin cocin hukuma, Richard Bancroft, ya ba da shawarar a rama da irin makamin, aka ɗauko marubutan haya irin su John Lyly da Thomas Nashe, suka fi Martin ƙazantar baki. Har dandalin wasan kwaikwayo abin ya kai, sai da hukuma da kanta ta tsawatar. Maganar da aka fara kan yadda za a bauta wa Allah ta koma gasar wa ya fi iya ashar. Masanin falsafa Francis Bacon ya rubuta takarda a lokacin yana ƙyamar yadda ɓangarorin biyu suka mai da addini abin dariya. Magana zarar bunu ce, kuma wanda ya koya wa abokin gaba zagi, malaminsa za a fara zagi. Ba ku gani ba? Kun yanko nasu da safe, sun yanko naku da yamma. Me malaminku ya samu?

Manyan 'yan Furitan, har da Cartwright, sun barranta daga Martin. Ihu bayan hari. Farautar Martin ta ba Bancroft damar kutsawa ɗakunan karatun limamai, a can ya tarar da takardun tarukan sirrin da suka shekara suna ginawa. A 1590 aka tsare Cartwright da wasu 8, aka gurfanar da su. John Udall, malamin da ba shi ne Martin ba, an yanke masa hukuncin kisa kan wani littafinsa, ya mutu a kurkuku. John Penry, matashin da ya kula da injin, an rataye shi a watan Mayu na 1593 yana da kimanin shekara 30, ya bar 'ya'ya mata 4 ƙanana. A shekarar aka kafa dokar korar masu ƙin zuwa coci daga ƙasa. Aikin shekara ashirin na mutane masu ilimi ya rushe, bishop ko ɗaya bai sauka ba.

Kuma ba'a ba ta da linzami. A 1702 Daniel Defoe, wanda shi kansa ɗan ɓangaren masu saɓa wa cocin hukuma ne, ya rubuta ƙasida babu suna da muryar mai tsattsauran ra'ayi, yana cewa a murƙushe mutanensa, don ya kunyata masu wannan ra'ayin. Wasunsu suka yi murna, mutanensa suka firgita, shi kuma a 1703 aka ɗaure wuyansa da hannayensa a turu a bainar jama'a kwana 3.

Me za ku yi? Ku ji tsoron Allah, ku koma karatu. In za ka yi raddi, kawo maganar mutum cikakkiya, ka faɗi inda take, ka sa sunanka. In ba za ka iya sa sunanka ba, tambayi kanka dalili.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba sai mun je Ingila aron wannan ladabi ba. Muhammadu Bello ya yi musayar wasiƙu masu zafi da Shehu al-Kanemi na Barno kan halaccin yaƙi, takubba a zare, amma da ya zo rubuta Infaƙul Maisuri sai ya kwafo wasiƙar al-Kanemi a ciki, da hujjojinta masu ciwo, sannan ya amsa. Ta hannun abokin gardamarsa muka san abin da al-Kanemi ya ce. A zaurukan da, ɗalibi ba ya buɗe baki kan mas'ala sai ya iya faɗin hujjar wanda ya saɓa masa yadda shi mai ita zai yarda. Malami in zai ambaci wanda ya saɓa masa, addu'a yake fara yi masa. Yaro ba ya kiran sunan dattijo gatsal. Ina wannan ya tafi? Yau wanda bai sauke Ahalari ba shi ke auna malamai a sikeli, yana raba aljanna da wuta a ƙasan hoto. Laifi tudu ne. Mu manya ma da ke danna alamar dariya muna wucewa, da hannunmu a ciki.

Ko a Ingilar, mai haƙuri bai samu kasuwa ba. Wani malamin cocin hukuma, Richard Hooker, ya zauna shekaru yana rubuta amsa ga 'yan Furitan, yana kiransu 'yan uwa, yana kawo maganar Cartwright a gefen shafi da lambar littafi da ta shafi. Masu buga littattafai na Landan suka ƙi zuba kuɗinsu, don irin waɗannan littattafan ba sa sayuwa. Sai da tsohon ɗalibinsa, Edwin Sandys, ya biya kuɗin bugun daga aljihunsa. Kashi 4 na farko suka fita a 1593, na biyar a 1597, Hooker ya rasu a 1600, ragowar 3 kuma ba a buga su ba sai a 1648 da 1662.