Wai me ya hana gwamnoninmu sa hannu a takardar hukuncin kisa ne?

Wallahi abin ya ishe mu. Mutum ya sayar da gonar gado, ya sayar da shanun huɗa, ya bi dangi gida-gida ya haɗa kuɗin fansa, ya kai daji, a ƙarshe a ce masa ya zo ya ɗauki gawar ɗansa. In an yi sa'a an kama wanda ya yi aika-aikar, alƙali ya yanke masa hukuncin rataya, shi ke nan magana ta mutu, saboda takardar tana kan teburin gwamna, shi kuwa ya ƙi ɗaukar biro.

Kada wani ya ce mana babu doka. Tsohon gwamna Masari ya sa hannu a dokar kisa kan masu garkuwa da mutane da ɓarayin shanu a Katsina tun 2019. Tsohon gwamna Matawalle ya yi tasa a Zamfara a 2022, har da masu kai wa 'yan bindiga bayanai. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya halatta. To ina amfanin baɗi ba rai? Rabon da a ji an zartar da hukuncin kisa a Najeriya tun Disambar 2016, a jihar Edo. Yau sama da mutum 3,000 ne ke zaune a gidajen yari da wannan hukunci a kansu, ana ciyar da su da harajinmu, marayun da suka bari kuwa ko wanda zai tambayi abin da suka ci babu.

Ku tuna yarinyar nan 'yar shekara biyar a Kano, wadda mai makarantarsu ya sace, ya ba ta gubar ɓera, ya kuma nemi miliyan shida a hannun iyayenta. Mai makaranta fa, wanda aka damƙa wa amana! A Yulin 2022 kotu ta yanke masa hukuncin rataya. Irin wannan ne za a ce a jira ya shiryu?

Masu cewa ɗaurin rai da rai ya wadatar, a wace kurkukun? A watan nan dai na Yulin 2022 aka fasa gidan yarin Kuje, a hancin Abuja, ɗaruruwan fursunoni suka arce. Ga kuma dokar gidajen gyaran hali ta 2019 da ta ba babban alƙali damar sassauta hukuncin wanda ya shekara goma yana jira. Wato gwamna ya noƙe kawai, lokaci ya wanke mai kisa.

E, alƙali ɗan Adam ne, yana iya kuskure. Shi ya sa aka yi kotun ɗaukaka ƙara da Kotun Ƙoli, a bi su har ƙarshe. Amma in an gama, hujja ta tabbata, Allah da kansa Ya ce mana a Suratul Baƙara akwai rayuwa a cikin ƙisasi. Gwamnan da ke tsoron jini a hannunsa, jinin manoman Birnin Gwari da Maradun a hannun wa yake? In ba zai iya ba, ya fito ya faɗa mana tun lokacin kamfen, mu san inda za mu kai ƙuri'armu.